Bangon da Ke Gefen Hoto

Auta ya riga direban tasi fitowa, ya zagaya ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa.

"A hankali, Inna. Akwai ɗan tudu a nan."

"Ina gani," in ji ta. "Yau ai ina gani."

Da safen nan aka cire mata bandeji, kwana ɗaya bayan aikin da aka yi mata na yanar ido. Shekara uku ta yi tana lalube, tana gane jikokinta da murya. Likita ya ce ta dawo gobe ƙarfe bakwai a sake dubawa, kuma kada ta cire baƙin tabaran da ya ba ta. Gidan Auta yana can ƙarshen birni, tafiyar awa biyu in hanya ta cushe, ga hawa uku ba lifta. Otal ɗin da yake aiki kuwa minti goma ne daga asibitin. Shi ya sa ya nemi alfarma wurin manaja, aka ba shi ɗaki na kwana ɗaya. Bai gaya mata ba. So yake ta gani da sabon idonta.

Inna ta dafa ƙofar motar ta miƙe. Ta ɗaga kai tana bin ginin da kallo, hawa tara, fari fat, tutoci suna kaɗawa a bakin ƙofa. Sai ta juya ta dubi tashar jirgin ƙasa da ke tsallaken titi. Ta daɗe tana kallonta.

"Ina ka kawo ni?"

"Wurin aikina. Shekara goma sha huɗu ina ce miki ki zo, kina cewa sai wani lokaci. To yau ga wani lokacin."

"Mu je gidanka."

"Haba Inna. Ƙafarki ba za ta hau benen nan ba. Kuma ga matata da jego, yara su hana ki barci."

Mai gadin ƙofa, cikin jar riga mai maɓallan ƙarfe, ya riga ya ɗauki jakarta yana cewa, "Sannu da zuwa, Mama. Ashe ke ce mahaifiyar ogan namu. To yau otal ya yi babbar baƙuwa." Bayan gaisuwa irin wannan ba ta iya juyawa. Ta gyara mayafinta ta bi ɗanta.

A birnin nan ba wanda ke kiran sunan wurin. In ka ce wa direba "Otal", ya san inda zai kai ka, duk da akwai otal-otal sun fi hamsin. Shi ne na farko, kuma a bana yake cika shekara sittin. Auta shi ne mai kula da baƙi. Duk wanda ya sauka yana son a zagaya da shi, shi ake kira, har ya haddace labarin wurin kamar karatun firamare. Yanzu ma bai san lokacin da bakinsa ya fara ba.

"Kin ga fitilar can da ke rataye? Ƙwan lantarki ɗari uku da goma sha biyu ne a jikinta. Sau biyu a shekara ake sauke ta a goge, mutum huɗu, kwana biyu. Wannan liftar kuma ita ce ta farko a duk birnin. An ce ranar da aka buɗe, mutane layi suka yi har titi don kawai a hau da su a sauko da su. Akwai wani attajiri da ya cire takalmi kafin ya shiga, ya ɗauka ɗaki ne."

A nan baƙi suke dariya. Inna ba ta yi ba.

Ya nuna mata zauren taro mai cin mutum dubu, da ɗakin cin abinci biyu, da shagon aski, da wurin motsa jiki inda wani mai ƙiba yake gudu a kan inji ba ya zuwa ko'ina. Ya ce ɗakuna ɗari biyu da takwas ne, kowanne da bandakinsa da ruwan zafi. Ya ce shugabannin ƙasashe sun kwana a hawa na tara. Ya ba ta labarin gobarar da ta cinye hawa na huɗu shekara talatin da suka wuce, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Duk abin da ya faɗa, sai ta ce "To." Ya saba da wannan "to" ɗin. Tun ranar da ya kawo mata takardar ɗaukar aiki ita yake ji. Ya daɗe da yanke wa kansa cewa Inna tana ganin aikin otal ba aikin ɗan mutunci ba ne, kunya ce kawai ta hana ta faɗa.

Hanyar zuwa lambu doguwar baranda ce, an jera hotuna a bangonta saboda bikin cika shekara sittin. Auta da kansa ya zaɓo su daga akwatunan da ke ɗakin ajiya, shi ya sa aka ƙara musu girma, shi ya rubuta bayanin da ke ƙarƙashin kowanne. Ya tsaya a gaban na farko. Hoto ne mara launi: fili shimfiɗe, katafila a tsakiya, wasu mutum biyar cikin kwat suna duba wata takarda.

"Daga nan aka fara," ya ce. "Kafin a yi otal, babu komai a wurin nan sai ciyawa da awaki. Fili ne kawai a bayan tasha."

Inna ta cire tabaran.

"Inna, likita ya ce…"

Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ba mutanen take kallo ba, ba katafilar ba. Can gefen dama, inda hoton ya kusa ƙarewa, akwai wata bishiya, kusa da ita kuma guntun bango da ya rage a tsaye, da wata 'yar taga mai sanduna uku. Auta ya ga hoton nan ya fi sau dubu. In da za a tambaye shi, cewa zai yi shingen tasha ne.

Ta ɗora yatsa a kan tagar.

"Wannan ɗakin mahaifiyata ne."

Ya yi murmushi, yana jiran ta ƙarasa maganar, ta ce ya yi kama da ɗakin mahaifiyarta.

"Sanda ta tsakiya a lanƙwashe take," ta ce. "Duba."

Ya duba. A lanƙwashe take.

"Gida talatin da wani abu ne a nan. Namu ne na ƙarshe ta wajen tasha. Ga shagon kakanka a nan, inda mutumin nan mai hula yake tsaye. Kafinta ne, ka sani. Rijiya tana bayan motar nan. Wannan mangwaron shi ya shuka shi, shekarar da aka haife ni."

Wasu baƙi biyu suka wuce da tawul a kafaɗa, suka gaida Auta, bai san ko ya amsa ba.

"Inna, ba a ƙauye aka haife ki ba?"

"Wa ya ce maka?"

Ba wanda ya taɓa ce masa. A ƙauye ya tashi ya gan ta, a can aka binne iyayenta, bai taɓa tambaya ba.

"Bishiyar tana nan?" ta ce.

"Tana nan."

"Kai ni."

Mangwaron yana bakin wurin ninƙaya. Ya yi kauri, mutum uku ba za su rungume shi ba. An kewaye gindinsa da benci na siminti, an rataya ƙananan fitilu a rassansa, an jera tebura a inuwarsa inda baƙi ke shan lemo. Hotonsa ne a bangon littafin tallan otal. Yara biyu suna fantsama ruwa, uwarsu tana kwance a doguwar kujera tana danna waya.

Inna ta zauna a bencin. Ta dubi tasha ta saman katanga, ta dubi bishiyar, tana auna wani abu da ido. Sannan ta nuna tsakiyar ruwan.

"Nan ne tsakar gidanmu."

Auta ya zauna kusa da ita. Doka ta hana ma'aikaci zama a wurin baƙi, amma bai tuna ba.

Ta fara magana a hankali, ba ta kallonsa. Ta ce shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Wasu mutane suka zo da jan fenti suka yi alama a bangon kowane gida, suka ce an ba su wata uku. Maƙwabta suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Mahaifinta ya ce shi ba inda za shi, gidan ubansa ne, yana da takarda. Kullum sai ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofis-ofis da takardar, ya dawo da yamma bai ga kowa ba. Ranar da katafila ta zo, gidansu kaɗai ya rage da mutane. Aka ba su awa ɗaya. Suka fito da gado da tukwane da kayan aikin kafinta suka tara a bakin titi.

"Ina da ƙane," ta ce. "Shekararsa bakwai."

"Ƙane? Inna, ke kaɗai ce wurin iyayenki."

"Ni kaɗai na rage."

Ta ce yaron yana kiwon tantabaru, guda huɗu, a wani akwati da mahaifinsu ya ƙera masa a bayan ɗaki. A cikin hayaniyar an manta da su. An ce mata ta riƙe hannunsa kada ya je ko'ina. Tana riƙe da shi. Sai mahaifiyarta ta ce ta kama mata bakin tabarma su naɗe. Ta sake shi ta kama tabarmar.

"Ko minti biyu ban yi ba. Ashe ya koma ɗauko tantabarunsa. Direban katafilar bai gan shi ba. Ta ɗaya gefen ya turo bangon."

A cikin ruwa ɗaya daga cikin yaran baƙin nan ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ga yadda yake nutso.

"Sun tsayar da aiki kwana ɗaya," in ji Inna. "Shi ya sa ka ga guntun bangon a tsaye. Ina jin a ranar suka ɗauki hoton nan naka, ko washegari."

Auta ne da kansa ya sa aka ƙara wa hoton girma. Shi ya ce a sa shi a farko, domin ya fi kowanne nuna yadda aka fara daga babu.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba? Ko Yaya ba ta sani ba?"

"Ba ta sani ba. Mahaifinku ma sai da muka shekara goma da aure na gaya masa. Da muka koma ƙauye wurin dangin mahaifiyata, kakanka ya ce kada ya ƙara jin an ambaci birnin nan a gidansa. Bai sake riƙe zarto ba har ya rasu. Mahaifiyata kuma ba ta taɓa ce mini ni na sake shi ba. Ko sau ɗaya. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi."

Ta miƙa hannu ta taɓa bajon da ke maƙale a ƙirjinsa, inda aka rubuta sunansa da harufan zinariya. Ba ta iya karatu ba, amma ta shafa shi daga farko zuwa ƙarshe.

"Sunansa ne wannan. Ni na roƙi mahaifinku a sa maka. Da aka sa kuma sai bakina ya kasa faɗa. Tun kana cikin zani nake ce maka Auta, alhali ban san ko zan sake haihuwa ba."

Ya sunkuyar da kai. Shekara arba'in ba ɗaya, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yayyensa ma sun yi ta tsokanarsa da cewa shi ɗan gata ne, sunansa ya fi ƙarfin bakin Inna.

Tsohon da ke kula da lambu ya zo wucewa yana jan tiyo. Ya fi kowa daɗewa a otal ɗin, shekara talatin da takwas. Ya rusuna ya gaida Inna, ya ga fuskar Auta, ya tsaya.

"Lafiya, ranka ya daɗe?"

"Baba, in tambaye ka. Ka taɓa jin an ce akwai gidaje a wurin nan kafin a yi otal?"

Tsohon ya ajiye tiyon. "Ji? Ai ni gani nake yi. Duk lokacin da na haƙa rami zan dasa fure sai na ci karo da wani abu. Fasassun kwanoni, cokula, kwaɗon ƙofa. Shekarar da aka canza bututun wurin wankan nan har bakin rijiya muka tarar, an cike ta da ƙasa."

"Kuma ba ka taɓa faɗa ba? Kana jina kullum ina ce wa baƙi fili ne?"

"Ranka ya daɗe, ni da na ga an rubuta an manna a bango, sai na ɗauka ku masu ilimi kun san abin da ban sani ba. Kuma ba wanda ya tambaye ni."

Inna ta ce, "Kai kake ba bishiyar nan ruwa?"

"Ni ne, Mama. Ko da yake ba ta buƙata. Saiwarta ta yi nisa."

"'Ya'yanta har yanzu masu zare ne?"

Tsohon ya dube ta da kyau. Ya dubi Auta. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Masu zare ne, Mama. Baƙi ba sa sha. Mu ma'aikata muke kwasa."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Da ya tafi, Auta ya miƙe, ya sake zama, ya sake miƙewa. Wayarsa ta yi ƙara. Daga teburin karɓar baƙi ne: wasu mutum goma sha biyu sun iso, suna jiran a zagaya da su ƙarfe huɗu, manaja kuma yana tambayar ko jawabin ranar biki ya kammala. Ya ce yana zuwa, ya kashe.

"Inna, tashi mu tafi. Zan nemo mota mu je gida, ko goya ki ne in yi in hau da ke. Ki yafe mini. Wallahi da na sani…"

"Da ka sani me?"

"Da ban kawo ki ba. Da ban karɓi aikin ba tun farko." Ya fara ƙoƙarin ɓalle bajon. "Yau zan rubuta musu takarda. Ba zan ƙara kwana ina cin abinci a kan… ba zan iya ba."

"Bar abin nan a ƙirjinka."

"Inna…"

"Na ce ka bar shi. Zauna."

Ya zauna.

"Ranar da ka zo da takardar aikin nan, ka tuna? Shekara huɗu kana zaune, takalminka ya huje saboda yawon neman aiki. Ka shigo kana dariya, ka ce otal ɗin da ke gaban tashar jirgi. Na shiga ɗaki na rufe. Ka ɗauka fushi nake."

"Na ɗauka kina jin kunyar aikin."

"Na zauna ne ina tunanin in gaya maka ko in bari. Na san halinka. Da na faɗa, da ka yaga takardar. To da wa ka ɓata wa? Waɗanda suka sa aka rushe sun mutu. Direban ma, na gan shi a ranar, zama ya yi a ƙasa yana kuka kamar yaro. A nan ka yi aure, a nan ka haifi 'ya'ya huɗu, daga nan aka gyara mini idon da na ga tagar uwata da shi."

"Amma shekara goma sha huɗu ina tsaye a gaban baƙi ina ƙarya."

"Ba ka sani ba. Yanzu ka sani. Abin da za ka ce musu kai ka san shi, ni ban iya maganar otal ba." Ta mayar da tabaranta, ta ɗaure bakin mayafinta. "Amma batun takarda, kada in ƙara ji. Fitar da mu aka yi daga wurin nan, da rana tsaka, kayanmu a titi. Kai ba wanda ya kore ka. Ba za ka fitar da kanka ba."

Ya zauna yana kallon ruwan, shuɗi, mai tsabta, ana ganin ƙasansa. Uwar yaran ta kira su suka fito suna ɗiga, ta naɗe su da tawul, suka wuce ciki. Wurin ya yi shiru sai ƙarar injin tace ruwa.

Inna ta dafa gwiwarsa ta miƙe.

"Ɗakin da ka kama mini, ina yake kallo?"

"Titi. Hawa na biyu."

"A canza. A ba ni wanda tagarsa ke kallon nan."

"Za ki kwana?"

"Ina zan je? Na gaji." Ta miƙa masa hannu ya riƙe. "Kai ni in kwanta. Sannan ka je, mutane suna jiranka."